Brahma Muhurta: Sa'ar da Ake Ƙirgawa da Baya

 A wannan makon alƙalaminmu ya tsallaka teku zuwa Indiya. Mu faɗa tun da wuri, tarihi muke bi, ba tallar addinin kowa muke yi ba, kada a ɗauki zancen da wata fuska.

Duk wanda ya girma da kallon finafinan Indiya ya san wata fitowa da ba a cika rasa ta ba. Gari bai waye ba, an kunna 'yar fitilar mai a gaban gunki, uwargida ta yi wanka ta lulluɓe kai tana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Ko kuwa a nuno dattijo tsaye cikin kogin Ganga, ruwa iya ƙugu, yana motsa leɓe. Mukan ɗauka asuba ce kawai. To a wurinsu wannan lokaci yana da suna da iyaka da lissafi, ana kiran sa Brahma Muhurta. Mabiya addinin Hindu na ganin duk cikin dare da rana babu lokacin da ya kai shi dacewa da ibada da karatu da tattara hankali wuri guda.

Lissafin da ake bayarwa a yau ba shi da wuya. An kasa dare da rana gida 30, kowane gida sunansa muhurta, tsawonsa minti 48. Guda 15 na rana, 15 na dare. Na 14 cikin na dare, wato na kusa da ƙarshe, shi ne Brahma Muhurta. Yana shiga saura awa 1 da minti 36 rana ta fito, ya fita saura minti 48. Idan rana za ta fito ƙarfe 6:00, ke nan daga 4:24 zuwa 5:12. In muka auna da namu lokutan, kamar daga assalatu ne zuwa jim kaɗan bayan ketowar alfijir.

Sai dai akwai bambanci babba, kuma a kansa duk maƙalar nan ta rataya. Alfijir ido ke ganin sa. Ladan ya dubi gabas, ya ga fari ya bazu a gindin sama, magana ta ƙare. Shigar Brahma Muhurta kuwa ba ta da wata alama a sama. Da baya ake ƙirga ta, daga fitowar ranar da ba ta riga ta fito ba. Sandar auna inuwa ba ta da amfani cikin duhu, agogon ƙararrawa kuma bai shiga ƙauyukan Indiya ba sai jiya-jiya. To yaya mutumin shekara 2,000 da suka wuce yake sanin saura minti 96? Ba yadda za a yi sai wani ya kwana ido biyu, domin wani ya tashi a kan kari.

Tun kafin a san minti, tsofaffin Indiyawa suna girmama asuba. A cikin Rigveda, mafi tsufan littattafansu, wanda masana ke sanya tsara waƙoƙinsa tsakanin shekara ta 1500 da 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai waƙoƙi wajen 20 da aka yi wa Ushas, abar bautar da suke ɗauka ita ce alfijir. Kalmar muhurta ma ta fito a ciki, amma a lokacin ma'anarta ɗan lokaci ce kurum, kamar mu ce "jim kaɗan", babu adadi a kanta. Agogon malaman hadaya na wancan zamani tsuntsaye ne. Littafin Aitareya Brahmana ya umurci mai karatun asuba a babbar hadayar Soma ya fara tun dare na da saura, kafin tsuntsaye su buɗe baki. Har doguwar gardama suka yi a kan madarar da ake zuba wa wuta kowace safiya, abin da suke kira Agnihotra: kafin fitowar rana za a zuba, ko bayanta? Makarantu suka rabu, kowa da hujjarsa.

Adadi ya shigo ne ta hannun magina dakalin wutar hadaya. Littafin Shatapatha Brahmana ya ce shekara kwana 360 ce, kowane kwana muhurta 30, jimla 10,800. Sai ya ce tubalan cike dakalin ma 10,800 ne, kowane tubali a madadin muhurta guda. Magini na jera tubali, a ganinsu shekara yake jerawa. Daga nan muhurta ta tashi daga "jim kaɗan" ta zama ɗaya bisa talatin na kwana, kuma a nan ta tsaya har yau.

Amma sanin cewa kwana na da gida 30 daban, sanin gida na nawa ake ciki da talatainin dare daban. A nan ruwa ya shigo. Wani ɗan ƙaramin littafin lissafin taurari mai suna Vedanga Jyotisha, wanda ake jingina wa Lagadha, ya kasa muhurta gida 2, kowane minti 24, ana auna shi da ruwan da ke tsiyaya daga tukunya mai huji. Ya kuma lura da abin da manomi ya sani: dare ba ya zama tsawo ɗaya duk shekara. Ya ce yini mafi tsawo muhurta 18 ne, mafi gajarta 12, wato awa 14 da minti 24 a gefe guda, awa 9 da minti 36 a ɗaya gefen. Don haka mai gadin tukunya kullum yana ƙara ruwa ko yana ragewa gwargwadon tafiyar rana arewa ko kudu.

Wannan lissafi na 18 da 12 ya haifar da rigima tsakanin masana tarihi. Ba ya aiki a yawancin Indiya. A birnin Chennai da ke kudu, wanda nisansa daga tsakiyar duniya kusan ɗaya yake da na Kano, tazarar yini mafi tsawo da mafi gajarta kimanin awa ɗaya da rabi ce kawai. Sai can ƙuryar arewa, wajen Kashmir, ake samun tazarar da Lagadha ya faɗa. Wani masani ɗan Amurka, David Pingree, ya rubuta a 1973 cewa daga Babila aka aro lissafin, domin su ma da shi suke aiki, kuma daular Farisa ta taɓa haɗa Babila da kwarin kogin Indus ƙarƙashin sarki ɗaya. Wasu masanan, cikinsu har da Yukio Ohashi na Japan, suka ce Indiyawa da idonsu suka auna. Mu dai abin da ya shafe mu shi ne, tun daga wancan lokacin aka samu hanyoyi biyu na fitar da sa'ar. Wani ya riƙe minti 48 duk shekara. Wani kuma ya raba daren da ake ciki gida 15 komai tsawonsa. A Delhi cikin watan Yuni dare awa 10 ne, sai muhurta ta koma minti 40. A Disamba ta haura minti 50. Masu buga kalandar addini har yau ba su gama daidaita baki a kan wannan ba.

Wanda ya fara mallakar irin wannan agogo ba talaka ba ne. Littafin mulki na Kautilya, Arthashastra, wanda aka gano rubutun hannunsa a Mysore a 1905 bayan ya ɓace ƙarnoni, ya tsara wa sarki darensa kashi 8, kowane kashi awa ɗaya da rabi. In muka ɗauka rana ta faɗi ƙarfe 6:00, sarki zai kwanta 9:00, makaɗa su tashe shi 1:30. Daga nan zuwa 3:00 yana nazari da tunanin aikin gobe. Daga 3:00 zuwa 4:30 shawara da aika 'yan leƙen asiri. Kashi na ƙarshe ya karɓi addu'ar malamai, ya ga likitansa da sarkin girki da mai duban taurari, sannan ya fita fada. Barcin awa huɗu da rabi ke nan. Sa'ar da wasu ke rufe ido suna zuzzurfan tunani, sarkin Kautilya a cikinta yake sallamar masu kai masa rahoton maƙiya. Kuma wannan tsari ba zai yiwu ba sai da mutum zaune gaban tukunyar ruwa, da makaɗan da ke jiran ya ɗaga musu hannu.

Sunan Brahma Muhurta ya yi ƙarfi ne a littattafan dokokin addini. Mafi shahara cikinsu, Manusmriti, wanda ake sanya shi tsakanin ƙarni na 2 kafin miladiyya da ƙarni na 2 bayanta, ya umurci magidanci ya farka a wannan lokaci. Abin da ya ce ya yi in ya farka yana da ban sha'awa, domin ba ibada zalla ba ce. Zai yi tunanin haƙƙoƙin addini da ke kansa, da hanyar samun abin masarufi, da wahalar da jiki zai sha wajen neman su, sannan ma'anar Veda. A taƙaice, ya zauna ya yi wa kansa hisabi kafin kasuwa ta ci. Shi kansa sunan an yi masa fassara biyu. Wasu sun ce daga Brahma ne, abin bautar da suke jingina wa halitta. Wasu masu sharhi kuma suka ce brahma a nan ilimi ake nufi, wato sa'ar karatu. Zuwa ƙarni na 5 sunan ya zama sananne, har mawaƙi Kalidasa ya ba da labarin yariman da aka haifa a wannan sa'a, mahaifinsa ya raɗa masa Aja, ɗaya daga sunayen Brahma.

To amma Manu bai faɗi tsawonta ba, kuma masu sharhi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Medhatithi, wanda ya rayu wajen ƙarni na 9, ya kasa dare gida 3 ya ce kaso na ƙarshe gaba ɗaya shi ne Brahma Muhurta. Sulusin dare na ƙarshe ke nan, awa 4 cur, kuma mai karatu ya san darajar wannan sulusi a wajenmu ba sai mun faɗa ba. Wanda ya tsuke ta zuwa muhurta ta 14 a fili shi ne Arunadatta, wajen ƙarni na 13, kuma sharhin littafin likitanci yake yi, ba na addini ba. Littafin shi ne Ashtanga Hridaya na Vagbhata, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 7. Babinsa na tsarin rayuwar yau da kullum ya buɗe ne da cewa mai lafiya ya tashi a Brahma Muhurta domin kare ransa. A lura, mai lafiya ya ce. A ɗaya littafin da ake jingina wa Vagbhata ma an ƙara sharaɗi, mutum ya fara duba ko abincin daren jiya ya narke. Wannan littafi bai tsaya a Indiya ba. Ali bin Rabban Aɗɗabari, a cikin Firdausul Hikma da ya kammala a shekara ta 850, ya ware sashe ga likitancin Indiya, kuma Ashtanga Hridaya na cikin littattafan da ya ɗebo daga gare su. Abin da muke son a riƙe shi ne, umurnin tashi ya girmi lambar 96 da ƙarnoni masu yawa.

Wajen ƙarni na 5 kuma aka samu sabon agogo, wanda ya yi mulkin daren Indiya fiye da shekara 1,000. Maimakon tukunyar da ruwa ke fita, sai aka ƙera ƙaramar tasa ta jan ƙarfe mai siffar rabin ƙwarya, da ɗan huji a gindi. A ɗora ta kan ruwa cikin babban daro, ruwa na shiga a hankali, in ta cika ta nutse. Nutsewa ɗaya minti 24, sunanta ghati ko ghari. Sau 60 take nutsewa daga fitowar rana zuwa wata fitowar. In ta nutse sau 56, Brahma Muhurta ta shiga. In ta nutse sau 58, ta fita. Abu ne mai sauƙi, amma da sharaɗi mai tsanani: duk lokacin da ta nutse sai an tsamo ta nan take, an zubar, an mayar. Mai gadi ya yi gyangyaɗin minti goma, lissafin gari duka ya karkace har sai rana ta fito ta gyara.

Baƙi su suka fi ba mu labarin waɗannan masu gadi, domin ɗan gida bai cika rubuta abin da ya saba gani ba. Yijing, malamin addinin Buddha daga ƙasar Sin da ya zauna a makarantar Nalanda kimanin shekara 10 a ƙarshen ƙarni na 7, ya siffanta tasar da daron, da yadda ake buga ganga ana busa ƙahon kodi don sanar da lokaci. Ya ce sarakuna ne ke ba manyan makarantu kyautar agogon, haɗe da samarin da za su riƙa gadinsa. Tasa da yaro, kyauta ɗaya. Abu Raihan Albiruni, wanda ya koyi harshen Sanskirit ya kammala littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya ware babi guda ga yadda suke yanka kwana: muhurta, ghati, har zuwa numfashi, wanda suke lissafa 21,600 a dare da rana. Da Musulmi suka kafa mulki a Delhi ba su yar da tasar ba. Sarki Firuz Shah Tughlak, wanda ya yi mulki daga 1351 zuwa 1388, ya sa an kafa ta a fadarsa, kuma marubucin tarihinsa ya yabe ta da cewa tana taimakon mutane sanin lokutan salla ranar da hadari ya rufe sama, da lokutan azumi. Tasa ɗaya, ta tashi mai zuwa kogi, ta tashi mai sahur.

Labarin da ya fi burge mu shi ne na Babur, wanda ya ci Delhi a 1526 ya kafa daular Mughal. Mutum ne mai sa ido, ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa. Ya tarar a kowane babban gari akwai ma'aikata da ake kira ghariyali. Suna da faifan tagulla mai faɗin faranti, kaurin yatsa biyu, rataye a wuri mai tudu. Dare kashi 4 ne, rana kashi 4, kowane kashi sunansa pahar. In tasa ta nutse sau ɗaya su buga ɗaya da gudumar katako, sau biyu su buga biyu, in pahar ya cika su yi ta bugawa da sauri. Babur ya gano aibin tsarin. Wanda ya farka cikin dare ya ji bugu uku, ya san ghari uku sun wuce, amma na wane pahar? Na biyu ne ya koma barci, ko na huɗu ne ya tashi? Sai ya ba da umurni cewa da dare, da kuma ranar hadari, bayan an buga adadin ghari a ƙara buga lambar pahar. Sarki Musulmi daga Fargana ya gyara wa mai neman Brahma Muhurta agogonsa, ko da yake ba don shi ya yi ba. Tasar ta tafi, amma ta bar suna. Har yau ghari ita ce kalmar agogo a harshen Hindi, kuma tsakar rana dopahar suke ce mata, wato pahar biyu.

Yanzu mu waiwayi wani gefen da littattafan doka ba su damu da shi ba. Umurnin Manu ba na kowa ba ne. Da magidanci namiji yake magana, ɗan manyan azuzuwan haihuwa, musamman Brahmin, malaman gado. 'Yan ajin Shudra, masu hidima, an hana su karatun Veda ɗungurungum, mata ma an rufe musu wannan ƙofa. To ina suke a wannan sa'a? Ba barci suke ba. Su ne ma suka riga kowa tashi.

A ƙasar Tamil, wajen ƙarni na 8 zuwa na 9, wata budurwa mai suna Andal ta tsara waƙa mai baiti 30, Tiruppavai. 'Yammata ne makiyaya ke bi gida-gida cikin sanyin watan Margazhi, tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, suna tashin ƙawayensu a tafi wanka da bauta. Wadda ke ciki ta ƙi tashi, na waje su kawo mata hujjar cewa lokaci ya yi. Hujjojin nan su ne agogon talaka: kukan tsuntsaye, busar ƙahon kodi daga ɗakin bauta, ƙarar kaɗa nono, an saki ɓaunaye kiwo, gamzaki ya fito. Babu tasa, babu 96. Hindu na cewa shekarar ɗan Adam kwana ɗaya ce a wajen ababen bautarsu, don haka watan Margazhi shi ne Brahma Muhurtar wancan kwanan. A babban ɗakin bauta na Tirumala, inda ake buɗe ƙofa wajen ƙarfe 3:00 na dare da waƙar tashin gunki cikin Sanskirit, in wannan wata ya kama sai a ajiye ta a rera ta Andal.

A Maharashtra kuwa dutsen niƙa ne. Mata kan tashi tun duku-duku su niƙa garin yini, biyu-biyu a kan dutse ɗaya, suna waƙa. Janabai, baranya a gidan su waliyyinsu Namdev a garin Pandharpur cikin ƙarni na 14, ta yi waƙoƙin da a ciki abin bautarta Vitthal ke zuwa ya kama mata hannun dutse. Tunda an hana ta zuwa inda ake karatu, sai ta jawo shi inda take aiki. Daga shekarun 1980 wasu masu bincike biyu a Pune, Hema Rairkar da Guy Poitevin, suka bi ƙauyuka sama da 1,000 suka tattara irin waɗannan baitoci fiye da 100,000, kan kishiya da uwar miji da ɗan'uwa da fari da mutuwa. Sun yi a kan gaɓa, domin injin niƙa ya riga ya fara kashe al'adar. Mu da muka san waƙar niƙa da ta daka a gidajenmu ba ma buƙatar dogon bayani. A ganinmu, duk tarihin Brahma Muhurta da ya ambaci Manu ya tsallake waɗannan mata, rabin labari ya bayar, kuma ba lalle rabin da ya fi nauyi ba.

Sa'ar ta kuma tsallaka katangar addini. Mabiya Guru Nanak, wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1539, suna kiran kason dare na ƙarshe amrit vela, kuma a wurinsu babu wanda haihuwarsa ta hana shi. A Amritsar har yau kafin alfijir ake ɗauko littafinsu mai tsarki a kafaɗa a kai shi ɗakin zinariya.

Abin da ya kashe tasa jirgin ƙasa ne. Na farko mai ɗaukar fasinja ya tashi daga Bombay zuwa Thane ranar 16 ga Afrilu 1853, kuma jirgi ba ya tafiya da agogon da kowane gari ke saitawa da ranarsa. Aka fara bin lokacin Madras a tashoshi, sannan a 1906 Turawan Ingila suka kafa lokaci ɗaya ga ƙasar duka, awa 5 da rabi gaba da na Landan. Mutane ba su karɓa cikin daɗi ba. Kalkata ta riƙe nata har 1948, Bombay ta riƙe nata, mai minti 39 a baya, har 1955. Ga Brahma Muhurta matsalar a fili take. Tsakanin gabashin Indiya da yammacinta rana na da tazarar kusan awa 2. A Delhi kaɗai, fitowarta na kaiwa da komowa tsakanin wajen 5:25 a Yuni da 7:15 a Janairu. Duk da haka sai "ƙarfe huɗu" ta zauna a bakin mutane kamar ita ce dokar. Gandhi ma, bayan gwaje-gwaje, a 4:20 ya tsayar da addu'ar asuba a zauren almajiransa, da agogon aljihu rataye a ƙugunsa. A gwagwarmayar 1930 magoya bayansa sun mayar da tsohuwar al'adar zagayen asuba da waƙoƙin bauta, prabhat pheri, ta zama zagayen waƙoƙin neman 'yanci a unguwannin Bombay, har hukuma ta tashi hana ta.

Wani abin lura, a lissafin Hindu kwana na farawa ne da fitowar rana, ba da magariba kamar namu na Hijira ba, ba kuma da tsakar dare kamar na boko ba. Saboda haka Brahma Muhurtar safiyar Litinin, a ƙa'ida, wutsiyar Lahadi ce. Wannan ya yi amfani a 1947. Masu duban taurari sun ce 15 ga Agusta ba ranar sa'a ba ce, sai aka karɓi mulki da tsakar dare: a wajen Bature 15 ta shiga, a wajensu ba ta shiga ba. Ita kalmar muhurta har yanzu tana cin kasuwa da ma'anar lokacin sa'a. Ɗaukar farko ta sabon fim muhurat ake ce mata, kuma kasuwar hannun jari ta Mumbai na buɗewa awa guda ranar bikin Diwali da wannan suna.

A 'yan shekarun nan sa'ar ta samu sababbin dillalai, masu koyar da yoga da masu bidiyon gyaran rayuwa a YouTube. Sukan yi mata ado da rigar kimiyya, wai a lokacin iska ta fi cika da sinadarin numfashi. Wannan ba ya cikin Manu, ba ya cikin Vagbhata, kuma bai dace da abin da aka sani ba, domin tsirrai sai da hasken rana suke fitar da sinadarin. A Delhi lokacin hunturu ma, dare da sanyin safiya na cikin lokutan da hayaƙi ya fi kwanciya ƙasa. Amfanin da tsofaffin suka faɗa ya ishe su hujja: gari shiru, ciki ba nauyi, ba mai neman ka. Sharaɗin Vagbhata na cewa mai lafiya kuwa, ba kasafai masu bidiyon ke tunawa da shi ba.

A ƙarshen Fabrairun 2024 firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da wani agogo a birnin Ujjain, garin da tsofaffin masana taurarin Indiya ke ja layin tsakiyar lissafinsu ta kansa. An ɗora shi kan hasumiya mai ƙafa 85 kusa da gidan duban taurarin da Sarki Jai Singh ya gina a ƙarni na 18. Ba ya ƙirga awa 24. Muhurta 30 yake ƙirgawa, yana farawa daga sifili da fitowar rana, kuma kwamfuta ce ke yi masa aikin da yaron Nalanda ke yi. In ya cika 28, Brahma Muhurta ta shiga. Ba nisa da hasumiyar akwai ɗakin bautar Mahakal, inda ake yin shahararriyar bautar toka ta asuba. A mafi yawan shekara ƙarfe 4:00 ake fara ta, da rani da hunturu, bisa agogon da Turawa suka kafa a 1906.